Yadda Za Ka Riƙa Gano Sababbin Waƙoƙin Reggae da Dancehall

Duba wayar yawancin masu cewa suna son reggae a nan, Bob Marley ne da Lucky Dube, sai wataƙila Peter Tosh. Babu laifi, amma Marley ya rasu tun 1981, Dube kuma a 2007, alhali Kingston, babban birnin Jamaika, ba ta taɓa yin mako guda ba a fitar da sabuwar waƙa ba. Sabon shiga yakan rubuta "reggae" kawai a YouTube, na'ura ta sake jero masa tsoffin da ya haddace, sai ya yanke hukuncin cewa waƙar ta mutu.

Ka fara da bin kiɗa, mawaƙi ya biyo baya. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka zan tsaya a kai. A Jamaika, furodusa ne ke haɗa kiɗa ɗaya, ya raɗa masa suna, sannan ya kira mawaƙa goma ko fiye kowa ya ɗora tasa waƙar a kai. Wannan kiɗa shi ake kira riddim. Sleng Teng da ya fito daga hannun King Jammy a 1985 an hau shi da ɗaruruwan waƙoƙi. Diwali na Lenky, a 2002, shi ne ya ɗauki Sean Paul da Wayne Wonder a lokaci guda, kowa da tasa waƙar da ta zagaye duniya. To duk sanda wata waƙa ta kama ka, kada ka tsaya a sunan mai rerawa. Buɗe bayanin da ke ƙasan bidiyon, nemo sunan furodusa da na kiɗan, ka rubuta sunan kiɗan tare da kalmomin riddim mix. Za ka samu an jera duk waɗanda suka hau shi cikin 'yan mintuna, kuma cikinsu ba za ka rasa biyu ko uku da ba ka taɓa jin sunansu ba. Su ne ribarka. Bi su, su ma za su kai ka ga wani kiɗan.

Mawaƙin da kake so zai iya yin wata uku shiru, furodusa kuwa kullum yana da wanda yake yi wa aiki. Saboda haka shafukan furodusoshi irin su Chimney Records, Notnice, Rvssian da TJ Records za ka fara bi, ka kunna ƙararrawar sanarwa. Gaskiya ne samarin dancehall (salon kiɗan rawa mai zafi da ya fito daga reggae) na yanzu irin su Skillibeng da Valiant sun fi fitar da waƙa ɗaya-ɗaya, amma har yanzu sunan furodusan na nan a ƙasan bidiyo, wani lokaci ma za ka ji an ambace shi a farkon waƙar. Idan reggae mai sanyi da saƙo kake so, tashi daga Protoje, ka bi waɗanda ke kewaye da shi kamar Lila Iké, sannan Chronixx, Kabaka Pyramid da Koffee, wadda ta ci Grammy a 2020.

Na biyu, rediyo. A wurina duk wanda ba ya sauraron Irie FM ta Ocho Rios ta intanet bai fara ba tukuna. Mun riga Jamaika da awa shida, shirinsu na yamma yakan faɗo mana tsakar dare, ka lissafa da kyau. Shirye-shiryen David Rodigan da Seani B na BBC 1Xtra ma suna kawo sababbi da zafinsu. Ajiye Shazam, manhajar da ke gano sunan waƙa, kusa, domin DJ ba ya jiran ka ɗauko biro.

Batun data: sauti kake nema, rage ingancin bidiyo zuwa mafi ƙanƙanta. Abin da ya yi maka, nemo shi a manhajar Audiomack ka sauke da garaɓasar dare.

Ranar Juma'a ce ranar fitar da waƙa a duniya tun 2015, don haka leƙa shafin kamfanin waƙa VP Records da na labaran reggae Reggaeville a ranar, ko Asabar da safe. Soca kuma, wato kiɗan rawa da ya samo asali a tsibirin Trinidad, da kakarta take zuwa. Ta Trinidad tana kwararowa daga ƙarshen shekara har zuwa bikin Carnival a Fabrairu ko Maris, ta Barbados kuma gabanin bikin Crop Over da ake rufewa a farkon Agusta. Watan Yuli a sa ido kan jerin mawaƙan bikin Reggae Sumfest na Jamaika, musamman ƙananan sunayen da ke can ƙasan fosta.

Wani abu da ba a faɗa wa sabon shiga: yawancin dancehall da yaren Patwa, wato Turancin gida na Jamaika, ake rera shi, kuma wasu waƙoƙin batsa ce zalla ko zugar bindiga, kai kuwa kana ta rawa ba ka sani ba. Kafin ka saka waƙa a shago, a mota ko gaban yara, nemi rubutattun baitocinta ka karanta, sannan ka sauke wadda aka rubuta clean a jikin sunanta, ita ce aka tace don rediyo.