Yadda direban haya zai kauce wa laifin farautar fasinja a Landan

Motocin haya iri biyu ne a Landan. Baƙar tasi ce kaɗai aka yarda a tsayar da ita a titi ko a shiga a tasharta. Ɗaya motar, wadda ake kira minikab, sai fasinja ya fara yin odarta ta kamfani mai lasisin hukumar sufurin Landan (TfL), ta waya, manhaja ko ofis.

Sashe na 167 na dokar hukunta laifuka ta 1994 ya haramta neman fasinja a bainar jama'a, kuma tararsa tana kai fam 2,500. Sauke gilashi ka tambayi mai tafiya ko yana son mota ya isa laifi, ko da bai shiga ba. Direban baƙar tasi ma bai tsira ba, haka ɗan kamasho mai kira a ƙofar gidan rawa.

Idan kai direban minikab ne kuma mutum ya zo da kansa, kada ka ɗauke shi, kada ku yi ciniki. Ka ce ya kira kamfani, ka jira aikin ya shigo maka, ka tabbatar da sunansa kafin ya zauna. Jami'ai kan zo cikin farin kaya kamar fasinjoji, musamman da dare.

Babbar asarar tana wajen inshora. Ta minikab yawanci aikin oda kawai ta ƙunsa, don haka ana iya ƙara maka tuhumar tuƙi babu inshora, mai jawo makin hukunci 6 zuwa 8 a lasisin tuƙi. TfL kuma kan ƙwace lasisin haya.