Kurakuran da Ake Yi Wajen Zaɓen Maganin Ƙara Kaifin Ƙwaƙwalwa

Da zarar jarrabawar WAEC ko JAMB ta matso, masu sayar da magungunan gargajiya a kasuwannin Wunti da Muda Lawal da ke Bauchi kan samu cincirindon iyaye da ɗalibai masu neman abin da zai "buɗe ƙwaƙwalwa". Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne sayen magani kafin a gano dalilin mantuwar. Ƙarancin jini da rashin isasshen barci da ƙarancin bitamin B12 duk suna dusashe tunani, kuma masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin sukan yi fama da ƙarancin wannan bitamin. Abin da ya dace shi ne a fara yin gwajin jini a asibiti, domin ɗalibar da jininta ya yi ƙasa sau da yawa sinadarin ƙarfe take buƙata, ba ganyen da aka shigo da shi daga ƙasar Sin ba.

Akwai kuma masu ɗauka cewa lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, shaida ce ta cewa maganin yana aiki. Ba haka ba ne. A kan yawancin magungunan ganye akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da mai maganin ya yi ba. Duk da haka, kwalbar da ba ta da lamba ko ranar ƙarewar wa'adi ba abin saya ba ce.

Ganyen ginkgo, wanda ake yawan tallatawa, ya cancanci a yi masa kallon tsanaki. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2008, wanda ya bi tsofaffi fiye da 3,000, bai gano cewa yana hana cutar mantuwa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ba dattawa shi ba tare da an tambayi irin magungunan da suke sha ba, alhali haɗa shi da asfirin ko warfarin, maganin hana jini daskarewa, na iya jawo zubar jini. Ginseng kuwa, wanda saiwar wani tsiro ne, yakan saukar da sukari, don haka mai shan maganin ciwon sukari ya yi hattara da shi.

Zogale da zuma da habbatus sauda abinci ne masu amfani, amma haɗa su da wasu nau'o'in garin magani biyar ko shida a cikin kwalba ɗaya yana sa a kasa sanin wanne ne ya tayar da ciki. A ɗauki abu ɗaya, a kai kwalbar ga likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna tare da sauran magungunan da ake sha, musamman idan mai shan mace ce mai juna biyu ko mai shayarwa.