Kafin ka shuka bini da zugu don man inji, ga yadda za ka yi lissafinka

Tunda man dizal ya yi tsada mutane suka dawo da maganar bini da zugu, wai a shuka a tatsi mai a zuba wa injin niƙa da na ban-ruwa. Maganar gaskiya ce, ƙwallonsa na da mai kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari kuma inji na cin sa. Amma fa don Allah kar ka taɓa gonar geronka ko ta dawa saboda shi.

Wasu sun riga mu gwadawa. Wajajen 2007 da 2008 kamfanonin Turai suka yi ta kwasar filaye a Afirka da sunan wai itacen nan ko a fako zai yi, daga baya aka gane eh zai rayu a fako amma ba zai ba da 'ya'yan kirki ba sai da ruwa da taki kamar kowace shuka. A Kisarawe ta Tanzaniya kamfanin Sun Biofuels na Ingila ya karɓi kusan hekta 8,000, a 2011 ya durƙushe, mutanen ƙauyukan ga aiki babu ga filin ya fita hannunsu. Toh idan wani ya zo maka da takarda yana so ka sayar da filinka ko ka ba da hayarsa ta shekaru masu yawa, tambaye shi wa zai sayi ƙwallon, nawa kilo, kuma in ya tafi filin na waye. A rubuta gaban mai gari da shaidu.

Abin da ni nake ganin ya fi shi ne shinge, yadda iyayenmu ke yi tun da. Ka sari rassa masu ƙwari daga itacen da ka san yana 'ya'ya sosai, ka kafa su kusa-kusa a iyakar gona dab da faɗuwar damina. Akuya da saniya ba sa cin ganyen, yana tare iska da zaizayar ƙasa, kuma bai cinye maka kunya ko ɗaya ba. Sai dai ka yi haƙuri, sai ya shekara 3 zuwa 5 kafin ya kankama.

Wajen tsinka ne wahalar take, kuma nan ne mutane ke mantawa a lissafi. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci ɗaya, a reshe guda za ka ga kore da rawaya da wanda ya yi baƙi, dole ka riƙa zagayawa kana ɗaukar rawayan da baƙin, kuma sau da yawa hakan na haɗuwa da lokacin girbi da hannu ya yi ƙaranci. Ka ɓare, ka shanya ya bushe sarai. Injin matsa na buƙatar wajen kilo 4 kafin ya ba ka lita ɗaya, saboda haka ka haɗa kuɗin ƙwadago da na matsa na kilo 4, in ya haura kuɗin litar dizal a garinku to man inji ba riba, gara a yi sabulu da shi kamar yadda mata ke yi a Mali.

In lissafi ya fita, ku haɗu ku da yawa a kan inji ɗaya, kuma kar ya zama wanda ake tatsar man gyaɗa da shi domin man nan guba ne. A bar shi a jarka har sai gurɓin ya kwanta, a tace da tsumma mai kauri. Ya fi dizal kauri, shi ya sa tsohon injin niƙa mai tafiya a hankali ya fi jure shi, ka tayar da dizal, in ya yi zafi ka juya zuwa man bini da zugu, kafin ka kashe ka koma dizal, kuma ka sa makanike ya riƙa duba nozul, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji.

Tunkuzar da ta rage taki ce mai kyau, a mayar gona, amma kar a ba dabba ko kaji. Ƙwallon kuma a ɗaga shi sama inda yara ba sa kaiwa, yana kama da abin ci kuma 'yan kaɗan sun isa su sa yaro amai da gudawa mai tsanani.