Kurakuran da ke jefa manomi cikin haɗari a gona, da gyaransu

Sau da yawa ba sabon shiga ne ke jin ciwo a gona ba. Wanda ya daɗe yana feshi ne ke cire takunkumi saboda zafi, ya ce ai jikinsa ya saba. Jiki kuwa ba ya sabawa da guba.

A wurin feshi ɓarnar ta fi yawa. Za ka ga mutum ya dama magani da hannu, bakin feshi ya toshe ya kai baki ya hura, tanki na yoyo a bayansa har riga ta jiƙe sharkaf, bai damu ba. Fata na shan magani, musamman idan ana zufa. A yi feshi da sassafe ko da yamma, kada a fuskanci iska, a sa riga mai dogon hannu, safar hannu ta roba, takunkumi da dogon takalmin roba. Bakin da ya toshe a kwance shi a wanke da ruwa. Ba goro, ba sigari, ba abinci sai an wanke hannu da sabulu, kuma kayan feshi a wanke su daban da na iyali. A duba layin launi da ke ƙasan takardar kwalba: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne juye ragowar magani a gorar lemo a ajiye a ɗaki. Yaro ba ya karanta komai, gora ya sani. Maganin ciyawa irin su paraquat ba shi da makari, kurɓi kaɗan na iya kashe babba. Magani ya zauna a kwalbarsa, a kulle. Jarkar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda ta don kada wani ya ɗebi ruwan sha da ita. Idan wani ya sha ko ya jigata bayan feshi, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa, a garzaya asibiti tare da kwalbar don likita ya san abin da yake fama da shi.

Haka ƙwayar da ake sakawa a buhun hatsi: iskar guba take fitarwa, don haka ba a ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana. Buhun PICS mai ruɓi uku yana adana wake ba tare da magani ba.

Sai maciji. Lokacin shuka da na girbi ne aka fi samun sara, domin mutum na sanye da silifas, yana cusa hannu ƙarƙashin dami ko tarin harawa ba tare da ya fara taɓawa da sanda ba. Amma babban kuskuren yana zuwa ne bayan saran, kuma masoya ne ke yinsa da kyakkyawar niyya: a ɗaure ƙafa tamau, a tsaga da reza, a tsotse, a manna baƙin dutse. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, saboda haka tsagar nan ƙofar zubar jini ce kawai. Ɗauri mai tsanani kuma yana iya kashe ƙafar har a kai ga yankewa. Mutum zai iya ganin kamar ya samu sauƙi, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. A kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi, kamar na Kaltungo a jihar Gombe. Kada a ba shi asfirin, kada kuma a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Idan gamsheƙa ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Injin casa da na ban ruwa ba sa son babbar riga, rawani ko mayafi mai lilo, bel na fizga a ƙiftawar ido. Idan zangarniya ta maƙale, a kashe injin, a jira ya tsaya cik kafin a kai hannu. Yara kuma a nisanta su.

Idan lauje ko fartanya ta yanke ka, kada ka zuba ƙasa, toka ko kashin shanu, nan ne ƙwayar cutar tetanus mai ɗaure haƙora ke zama. Danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, wanke da ruwa da sabulu, sannan ka je a duba ko kana bukatar allurar rigakafi, ko da ramin ƙaya ne ƙarami a tafin ƙafa.