Yadda ɗan wasan dandamali zai zama darakta kuma mai tsara rawa

Ɗan wasan da ya shafe shekaru yana waƙa da rawa a kan dandamali, sau takwas a mako kamar yadda aka saba a manyan unguwannin gidajen wasa, Broadway ta New York da West End ta Landan, wata rana gwiwoyinsa za su fara yi masa gargaɗi. Da yawa sai a lokacin suke tunanin komawa ba da umarni da tsara rawa, alhali an ce tun ran gini tun ran zane. Shirin yana farawa tun kana cikin ayarin masu rawa, kuma babban abin da za ka koya shi ne sauya wurin tsayuwa, domin ɗan wasa a jikinsa yake jin wasan, darakta kuwa daga kujerar 'yan kallo yake ganinsa, da duk wanda ke kan dandamalin a lokaci guda.

Ka fara da karɓar aikin da wasu ke gudu, wato zama ɗan ko-ta-kwana, wanda ba ya fitowa kullum amma ya haddace wuraren mutum biyar ko shida ko fiye, don ya maye gurbin duk wanda ya gaza. A bakin dandamali akan jera lambobi, sifili a tsakiya, sauran suna tafiya dama da hagu, kuma da su kowa yake gane inda zai tsaya. Saura rabin awa a ɗaga labule sai manajan dandamali ya leƙo ya ce wane ya gurɗe ƙafa, kai ne za ka shiga. Nan take za ka buɗe littafinka ka ga cewa a waƙa ta biyu daga hagu yake shigowa, ya tsaya a lamba huɗu, ya ɗaga abokiyar rawarsa a ƙidaya ta bakwai, sannan ya fita da kujera a hannu cikin duhu. Wanda ya yi shekara guda a haka ya riga ya fara ganin rawa kamar taswira, ya san dalilin da ya sa aka ajiye dogo a baya, da yadda mutum ashirin suke giftawa ba tare da sun yi karo ba. Ka riƙe wannan littafi da kyau, ka zana kowane tsari da hannunka.

Daga nan sai ka nemi zama kyaftin ɗin rawa. Idan an buɗe wasa, mai tsara rawa yakan tafi wani aikin, kyaftin ne ke tsare abin da ya bari, ya koyar da sababbi, ya zauna cikin 'yan kallo lokaci-lokaci yana rubuta gyara. A nan za ka ɗanɗana ɗacin gyara wa abokan da kuke sauya kaya a ɗaki ɗaya. Kada ka ce wa mutum rawarsa ba ta yi ba, domin ba ka ba shi abin da zai kama ba. Ka ce masa hannunsa na dama yana makara a ƙidaya ta shida, ka faɗa masa a gefe, kuma ban da dab da zai shiga.

Mataki na gaba shi ne zama mataimakin wanda ya riga ka, kuma tarihin sana'ar ya nuna yadda hanyar take da tsawo. Jerry Mitchell ya yi aiki ƙarƙashin darakta kuma mai tsara rawa Jerome Robbins a wasan da aka tattara ayyukan Robbins a 1989, amma sai a 2007 ya haɗa ba da umarni da tsara rawa a Broadway da wasan Legally Blonde. Casey Nicholaw yana cikin ayarin wasan Crazy for You a 1992, inda Susan Stroman ta tsara rawa. Ya tsara rawar Spamalot a 2005, ya ba da umarnin The Drowsy Chaperone a 2006. A matsayin mataimaki aikinka rubutu ne da tunawa da kame baki. Ka roƙi a bar ka ka zauna a taron da ake yi da mai zanen dandamali da mai fitilu da mai sutura, domin a can ake yanke rabin abin da 'yan kallo za su gani, kuma ɗan wasa bai taɓa shiga ɗakin ba.

Kada ka jira babban gida ya kira ka. Makarantu da ƙananan gidajen wasa kullum suna neman mai tsara musu rawa, kuma aiki da waɗanda ba ƙwararru ba zai koya maka abin da ƙwararru suke ɓoye maka, tunda ba za su iya rufe raunin tsarinka da gwanintarsu ba. Ka ɗauki kowane aiki a bidiyo daga nesa, yadda dandamalin duka zai fito.

Yanzu ga inda yawancin tsofaffin 'yan rawa suke tuntuɓe. Sukan ji kiɗa mai daɗi su fara jera taku, su manta cewa rawar wasan kwaikwayo labari take ɗauke da shi. Tun da Agnes de Mille ta tsara rawar mafarki a wasan Oklahoma! a 1943, inda aka nuna tsoro da ruɗewar jarumar ba tare da ta furta kalma ba, ma'aunin ya canza. Saboda haka ka karanta rubutun wasan sau da yawa kafin ka saurari kiɗan, sannan a kan kowace waƙa ka tambayi kanka: wa ke rawa, me yake so, kuma me ya sauya tsakanin farkon waƙar da ƙarshenta? In ba abin da ya sauya, to ado ka yi, kuma ado ne farkon abin da ake yankewa idan wasa ya yi tsawo. Ka zauna da mai fiyano da zai shirya kiɗan rawar tun kafin ranar gwaji, ku gina sassan tare, ka shiga ɗakin gwaji da tsari a hannu amma da niyyar watsar da shi idan jikin mutanen ya nuna maka wanda ya fi.

Salo kuwa daga jikinka zai fito, har da abin da kake ɗauka aibi ne. Bob Fosse, wanda ya fara tsara rawa a Broadway da The Pajama Game a 1954, ya mayar da ranƙwafaffun kafaɗunsa da ƙafafunsa masu karkata ciki alamar aikinsa, hular da ya shahara da ita ma sanƙo ne ya sa shi sanya ta. A ganina darasin shi ne ka binciki naka jikin, domin masu kwaikwayon hular Fosse sun yi yawa. Sai dai ka tuna ba kai za ka taka ba. Michael Bennett ya tara 'yan rawa a 1974 ya naɗi hirarsu game da rayuwarsu, daga ciki aka gina A Chorus Line, wanda aka buɗe a 1975 aka kuma nuna sau 6,137 a Broadway. Sauraron 'yan wasa ma tsara rawa ne.

Ba da umarni wani fage ne daban, kuma wanda ya taso a rawa yakan ji tsoron wuraren da ake magana zalla. Ƙidaya ba ta aiki a nan. Ba za ka ce wa jarumi ya yi fushi a ƙidaya ta huɗu ba, sai dai ka gaya masa abin da yake nema daga wanda ke gabansa, ka bar shi ya nemo hanya. Ka shiga ajin wasan kwaikwayo, ka ba da umarnin ɗan gajeren wasa marar waƙa ko ɗaya, ko da mutum biyu ne da tebur. Ribar da kake da ita a kan sauran daraktoci tana wajen haɗa fage da fage, yadda magana za ta zarce waƙa, waƙa ta zarce rawa, kayan dandamali su sauya ba a tsaya ba. Idan ka haɗa ayyukan biyu, ka nemi mataimaki mai ƙarfi da isasshen lokaci. Robbins da kansa, a West Side Story ta 1957, sai da ya sami makonni takwas na gwaji, ninkin abin da aka saba a lokacin, kuma Peter Gennaro ya raba tsara rawar da shi.

Makon da ake haɗa fitilu da sauti da sutura zai gwada haƙurinka, domin za a iya shafe awa guda a kan sauyi na daƙiƙa goma, kuma siket ɗin da ya yi kyau a zane zai iya hana juyin da ka fi so. A nunin gwaji kafin buɗewa ka zauna a baya ka kalli 'yan kallo. Inda suka fara tari da gyara zama, nan ne matsalar take, ko da rawar da ka fi wahala a kanta ce.

Kafin ka fara kowane aiki ka karanta kwantiragi. A Amurka ƙungiyar daraktoci da masu tsara rawa ta dandamali, wadda aka kafa a 1959, ita ke kare haƙƙinsu, kuma dabam take da ƙungiyar 'yan wasa ta Equity da ka saba da ita. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar ta 1976 ta amince da rawa a matsayin abin mallaka muddin an adana ta a rubuce ko a hoto mai motsi. Tun kafin wannan doka, a 1952, mai tsara rawa Hanya Holm ta yi rajistar rawar wasan Kiss Me, Kate da rubutun alamomin Laban, wato tsarin rubuta motsin rawa a takarda. Ka tabbata an rubuta yadda za a sa sunanka, da kasonka idan wasan ya tafi rangadi ko wani gida ya sake shi da tsarinka. Bayan daren buɗewa sai ka miƙa wa manajan dandamali da kyaftin cikakken littafin wasan, ku tsayar da ranar da za ka dawo ka duba.