Babi na Bakwai: Zuwa Makarantar Yaranku

Darasi na 1: Me ya sa ake tsayar da ku a ƙofa?

A da uwa kan shiga makaranta kai tsaye, ta leƙa ta taga, ta miƙa wa ɗanta kuɗin tara, ta juya. Yanzu an daina. A watan Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a Zamfara. A watan Maris 2024 aka sace almajirai a Gidan Bakuso, ƙaramar hukumar Gada, nan jiharmu ta Sakkwato. Littafin da maigadi ke riƙe da shi ba ya tare bindiga, wannan gaskiya ne. Amma da shi ake sanin wanda ya shigo, da wanda bai fita ba tukuna. Idan an tsayar da ku, kada ku ɗauka raini ne.

Darasi na 2: A bakin ƙofa

Ku yi sallama, ku tsaya. Ku faɗi sunanku, da sunan yaro, da ajinsa.

"Salamu alaikum, Baba, ina kwana? Na zo wajen ɗana, yana aji 3."
"Lafiya lau, Hajiya. Kin zo da kati?"

Katin zaɓe ko takardar NIN ake nufi. Ku riƙe ɗaya tun daga gida. Ku kuma tambayi yaro ajinsa tun da dare, har da harafin, 3A ne ko 3B. Mai niƙabi tana iya roƙon a kira mata malama mace ta duba fuskarta.

Darasi na 3: Littafin baƙi

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

Littafin yana da gidaje a jere. Sau da yawa sunayen gidajen da Turanci aka rubuta su. Kada gabanku ya faɗi, ku tambayi maigadi. Ku fara daga hannun hagu. Wanda ya yi makarantar allo hannunsa ya saba farawa daga dama, ni ma haka na fara, amma boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Yawanci haka gidajen suke: kwanan wata, sunanku, wanda kuka zo gani, lokacin shiga, lokacin fita, sai sa hannu.

A gidan suna, naku za ku rubuta, ba na yaro ba.

Lokaci kuwa, ku duba wayarku ku kwafe abin da kuka gani. Idan ta nuna 9:30, ku rubuta 9, ɗigo biyu ɗaya bisa ɗaya, sannan 30. Shi ne tara da rabi. Wannan lokacin shiga ke nan.

Gidan da ke biye da shi, na lokacin fita, ku bar shi fanko. Ba ku fita ba, me za ku rubuta? Sai kun gama abin da ya kawo ku, kun dawo ƙofa, ku sake karɓar biro, ku nemo layin da sunanku yake, ku sake duba waya, sannan ku rubuta.

Mu maimaita. Da shiga, ku cika gidan shiga. Da fita, ku koma ku cika gidan fita. Rubutu sau biyu ke nan, ba sau ɗaya ba.

Wanda bai rubuta lokacin fita ba, a wurin littafi yana nan cikin makaranta har dare. Idan wani abu ya faru, shi za a fara nema. Kun ga dalili. To, a layin wa za ku rubuta? A naku. Ku aza yatsa kan sunanku, ku ja shi zuwa dama har gidan da kuka bari fanko. Madalla. Idan hannu yana rawa ba komai, rubuta a hankali, maigadi zai jira.

Makon jiya mun gwada wannan a aji, kuma kusan kowa ya ajiye biro ya wuce abinsa, wai mai kabu-kabu na jira. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Mai kabu-kabu ba zai mutu don minti ɗaya ba. Ku koma ku rubuta lokacin fita.

Darasi na 4: Ofis kafin aji

Daga ƙofa, ofishin hedimasta za ku nufa. Shi zai sa a kira muku yaro ko malaminsa. Kada ku faɗa aji ana cikin darasi, kada kuma ku tsaya a taga kuna kiran yaro. Idan kuna da ƙorafi kan malami, a ofis ake yinsa, ko a taron iyaye da malamai. Ɗaga murya gaban yara abin kunya ne.

Darasi na 5: Ɗaukar yaro kafin a tashi

Ku nemi izini a ofis. Idan wani za ku aiko, ko kawun yaro ne, ku sanar da makaranta tukuna.

Darasi na 6: Baƙuwar fuska

Idan kun ga wanda ba ku yarda da shi ba yana kewaya katanga, ku gaya wa maigadi.

Aikin gida

Ku ja gidaje shida a littafinku. Kun shiga 10:15, kun fita 10:40. Ku cika, ku kawo ran Asabar.