Ka sayi mota ta hannu ka tarar da ɓoyayyen aibi? Ga yadda za ka bi haƙƙinka

Salamu alaikum jama'a. Wanga rubutu na daɗe ina son in yi shi saboda abin da ya same ni bara, kuma har yau ina ganin yana samun mutane nan Sakkwato, mutum ya shekara uku yana tarin kuɗi ko ya sai da fili ko shanu ya sayi mota, ba a yi sati biyu ba ta koma gareji tana cinye ɗan abin da ya rage mai.

Tawa Corolla ce tokumbo, fenti na ƙyalli, AC kamar firij, mai ita ya rantse min ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Kwana tara da saye munka kama hanyar Tambuwal da iyali, muna wuce Bodinga fitilun dashbod sunka fara kunna kansu, can sai motar ta mutu murus da tsakar rana cikin zafin Afrilu ga yara a baya. Da anka jawo ta gari bakanikena ya kwance kujerar gaba ya ɗaga kafet, ya ce "Alhaji taho ka gani da idonka." Busasshiyar laka ce kwance kamar an yi yaɓe, ƙarfen da kujera ke gudu a kai ya yi tsatsa jawur, soket ɗin wayoyi duk sun yi kore. Ya jawo bel har ƙarshe sai ga shatin ruwa a jiki. Ambaliya ce ta ci motar tun can waje, anka wanke ta anka fesa turare.

Irin waɗanga motoci da yawa daga Amurka suke, kamfanonin inshora ke kai su gwanjo irin Copart da IAA bayan haɗari ko ruwa, kuma can ba a ɓoyewa, rubuce yake a takardar motar. Guguwar Harvey kaɗai da ta auka wa Texas a 2017 dubban ɗaruruwan motoci ta nutsar. Ɓoyon a hannun wasu daga cikin mutanenmu yake farawa, wannan shi ya fi yi min ciwo.

To kafin ka fitar da ko sisi, nemi lambar shasi, wadda ake ce ma VIN, haruffa da lambobi 17 ne. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka tabbata iri ɗaya ce da wadda ke takardar kwastam. Ka rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito ka gan ta yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. In kana da hali ka biya a ciro maka rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar. Wallahi da na yi wanga aiki na minti biyar da ban shiga abin da na shiga ba.

Ka tai da bakanikenka, naka na kanka da kai za ka sallama, kada ka yarda da wanda dillali ya kira. Ku je da sassafe ka dafa bonet ka ji da sanyi, domin injin mai ciwo in ya ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu fari-fari kamar madara ruwa na haɗuwa da mai, galibi gasket ne. A duba lagireto ko ruwan na kumfa. Ɗauki mayen ƙarfe ka nannaɗe da ƙyalle ka bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa da kyau an cika fila, abin da fanel bita ke cike lotsawa da shi. Dubi notinan da sunka riƙe bonet da ƙofofi, in fentin kansu ya ɓantare sifana ta taɓa su. Sai fitilar eyabag, jakar iskar da ke kare mutum in an yi haɗari, da ka murɗa makulli dole ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu, in ba ta kama ba sam to an cire ƙwan ko an liƙe ta, kuma wanga maganar rai ce. A sa na'urar sikana mai karanto matsalolin da kwamfutar motar ta adana. Ka ɗaga kafet, ka cire safaya ka leƙa ramin, ka shinshina. Sannan ku hau titi sosai, ba zagayen layi ba, ku bi Western Bypass ko hanyar Dange da rana tsaka AC a kunne kana kallon allurar zafi, motar da ta jure zafin garin nan ta jure komi.

Takardun kwastam kuma kada ka ɗauke su da wasa tunda muna bakin iyaka. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma kowa ya san ana biyowa da su daga Kwatano ta Nijar a ɓullo wajen Illela, wasu da takardun bogi. Kai kwafi ofishin kwastam a tantance kafin ka biya, in ba haka ba rana ɗaya za a tsai da kai a hanya a karɓe motar.

Yanzu ga abin da mutanenmu ke jin nauyin yi, rubutu. Wai ai ɗan uwa ne, ai masallacinmu ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, rubuta bashi take koyarwa kuma a cikinta anka ce ku kafa shaida in kunka yi ciniki, to kunyar mi? A rubuta sunan mai sayarwa, lambar shasi da ta inji, kuɗi, kwanan wata, da abin da ya faɗa da bakinsa: ba ta yi haɗari ba, ba ta sha ruwa ba, ba a buɗe inji ba. Shaidu biyu su sa hannu. Kuɗi ta tiransifa zuwa asusu mai sunansa. In ya ƙi yarda a rubuta abin da ya gama rantsuwa a kai, ka riga ka samu amsarka.

In kuwa aikin gama ya gama ka gano aibin, abu na farko aje motar. Kada ka ci gaba da hawa, kada ka bari a kwance inji a fara canje-canje. Malaman fiƙihun Malikiyya suna da babi a kan wanga, hiyarul aibi, wato zaɓin mayar da kaya saboda tsohon aibi da mai saye bai sani ba, kuma sun ce in ka ga aibin ka ci gaba da amfani da abin ba da larura ba ana ɗauka ka yarda. Ga shi in ka gyara, wanda ya sai maka zai ce bakanikenka ya ɓata. Ɗauki hoto da bidiyo a yadda take, ka sa bakanike na biyu wanda bai san kowa a cikinku ba ya duba ya rubuta abin da ya gani. Tallar motar da ya turo maka da duk muryoyin WhatsApp ka adana, ka tura mai saƙo rubutacce ran nan cewa ga abin da ka gano, don kwanan wata ya zauna.

Ka kuma yi wa kanka adalci. Birki ya cinye ko batir ya mutu ko shokozoba ta saki, wannan tsufa ne, motar hannu ka saya. Abin da ake bi shi ne ruwa, shasi da anka yanka anka haɗa, injin da anka zuba ma mai mai kauri don ya yi shiru, mitar tafiya da anka mayar baya.

Sai zama. Kada ka tai kai kaɗai kuma kada ka tai da zagi. Ni da kawuna na je, munka kira dillalin da ya karɓi la'ada domin da bakinsa anka ƙulla cinikin, da mai motar ya fara cewa "ai a yadda ka gani ka saya" sai munka kai maganar ga shugaban dillalan wurin. Waccan magana ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye, hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu a kan irin haka ya zo, abinci jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama. Kafin ku zauna ka yanke abin da kake so, mayar da mota a ba ka kuɗinka, ko a rage maka gwargwadon aibin, ko ya ɗauki gyara. Duk abin da anka cimma a rubuta da ranakun biya.

In sulhu ya ƙi, akwai kotun shari'a, can za a nemi ka tabbatar aibin ya girmi cinikin kuma ba ka san da shi ba, nan shaidunka da rahoton bakanike za su yi aiki. In dila ne mai wurin sai da motoci za ka iya kai ƙorafi hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ana shigarwa ta intanet. Wani lokacin ma takardar lauya guda ɗaya ta isa ta sa mutum ya nemi a zauna. 'Yan sanda kuwa ba masu karɓo bashi ba ne, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin ciniki kawai, amma in motar ta sata ce ko takardun na jabu ne wannan laifi ne, kai rahoto ran da ka gano kafin a zo a same ta ƙofar gidanka.

Ni tawa ba ta kai kotu ba. Da anka buɗo hotunan gwanjon a waya gaban shugaban dillalai, motar ga laka har saman taya, mai ita ya sunkuyar da kai. Kawu ya ce mai "ɗana, karɓi abinka ka ba yaron nan haƙƙinsa." Ya karɓa, ya biya ni kashi uku cikin wata huɗu, la'ada da kuɗin jawo mota daga Bodinga kam ban same su ba.